Yadda ake haɗa ruwan haska hoton asibiti daga ƙananan ƙwayoyin ƙarfe

Idan za a ɗauki hoton jijiyoyin jini da na'urar siti-sikan, sai an yi wa mara lafiya allurar wani ruwa mai ɗauke da ayodin, domin jini da tsoka kusan launi ɗaya suke fitowa a hoton eksire. Ayodin yana aiki, amma yana da nasa matsalolin. Cikin 'yan mintuna ya bar jini, yana iya takura wa mai ciwon ƙoda, wasu kuma jikinsu bai karɓarsa. Shi ya sa masu bincike suka koma kan oksayid ɗin ƙarfe, wato ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin kamar yadda tsatsa take, a haɗa shi ƙwayoyi-ƙwayoyi masu girman 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ga yadda aikin yake tafiya.

Mataki na farko: zaɓen ƙarfe

Ana neman ƙarfe mai nauyin zarra, don shi ne yake tare hasken eksire. Lambar zarrar ayodin 53 ce, ta hafniyam 72, ta tantalam 73, ta bismot 83. Kowanne yana da wani ƙarfin haske inda tarewarsa take yin tsalle: ayodin wajen keV 33 (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), tantalam wajen 67. Na'urorin asibiti galibi kan yi aiki a kilobolt 120, kuma a jikin mai ƙiba hasken da ke ratsawa ya fi kusa da na tantalam. Ƙari a kan haka, likitocin ƙashi sun daɗe suna dasa tantalam a jikin mutum ba tare da ya tayar da ƙura ba.

Kafin ka ci gaba, ka tuna da Thorotrast. Shi ma oksayid ne, na toriyam, an yi amfani da shi wajen haska hoton eksire daga shekarun 1930 zuwa na 1950, kuma hotonsa ya yi kyau ƙwarai. Sai dai yana fitar da tiriri mai cutarwa, ga shi ya zauna daram a hanta da saifa da ɓargo. Bayan shekara ashirin ko talatin mutane suka fara kamuwa da sankarar hanta. Duk sauran matakan nan, a ganina, amsa ce ga tambaya ɗaya: yaya abin zai fita daga jiki?

Na biyu: haɗa ƙwayoyin

Hanyar da aka saba ita ce a narkar da tantalam etoksayid cikin alkwahol, a riƙa ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ruwan ne yake mai da shi oksayid. Ka yi gaggawa, ka ga kwalba ta yi fari fat kamar an dama koko. Wannan ta lalace, ƙwayoyin sun yi girma sun dunƙule. Mai kyau garau take, har ka ɗauka babu komai a ciki.

Girman ne sirrin. Matatar ƙoda tana barin abin da bai wuce kimanin nanomita 5 zuwa 6 ba ya bi fitsari. Wanda ya ɗara haka hanta da saifa ne suke kamawa, ya kwana nan watanni.

Na uku: yi musu riga

Ƙwaya tsirara ba ta zama lafiya a jini. Furotin yana manne mata, ta ƙara kauri, garkuwar jiki ta cafke ta. Don haka ake lulluɓe ta da sinadarin silen mai son ruwa. An fi yabon rigar da ke da cajin fozitif da negatif daidai wa daida, saboda furotin ba ya samun wurin kamawa. A lura fa, ƙoda tana auna ƙwaya ne haɗe da rigarta, don haka riga mai kauri tana iya rushe wahalar mataki na biyu.

Na huɗu: tacewa da awo

A tace ragowar sinadarai, a duba girma da madubin ilektiron da kuma na'urar da ke auna warwatsuwar haske. Sannan a ƙafar da ruwan har ya yi ƙarfi sosai, don allura ɗaya ta siti-sikan giram-giram na sinadari take ɗauka. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe: ruwan ya yi kauri kamar zuma, ya ƙi bin sirinji. Gishirinsa ma dole ya kusanci na jini, wajen miliosmol 290 (ma'aunin yawan abin da ya narke a ruwa).

Na biyar: gwaji

Ana jera ƙananan kwalaben ruwan da aka haɗa a cikin tulun ruwa mai faɗin jikin mutum, ayodin a gefe, a ɗauki hoto a kilobolt 80 zuwa 140, a kwatanta da ma'aunin Hounsfield, wato ma'aunin hasken hoton siti-sikan, inda ruwa yake 0, iska kuma -1000. Daga nan sai gwaji a kan ƙwayoyin halitta, sai ɓeraye: a tara fitsarinsu, a auna ƙarfen da ya rage a hanta da ƙoda bayan kwana ɗaya, mako ɗaya, wata ɗaya.

Gwaji a jikin mutum yana can gaba, da izinin hukuma. Wanda ya yi nisa a dangin nan shi ne hafniyam oksayid na kamfanin Nanobiotix na Faransa, da ya samu izinin Turai a 2019. Shi ma ba don hoto aka amince da shi ba: cikin ƙari ake zuba shi don ƙara wa gashin sankara, wato ƙona ta da haske, ƙarfi, ko da yake yana fitowa fes a siti-sikan.