Yadda Ake Sabunta Tsohon Tebur da Fenti da Ƙyallen Atamfa

Kafin komai, a duba ƙafafun teburin. Idan gara ta cinye cikinsu, kada a ɓata kuɗin fenti. Idan kuwa girgiɗi kawai yake yi, kafinta zai ɗaure shi da ƙusa da gam.

1. A goge shi da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe.

2. A kankare tsohon fenti da samfefa, ana bin tsawon katakon. Nan ne mutane ke yin gaggawa, kuma nan aikin ke lalacewa, domin sabon fenti ba ya kama wuri mai santsi. A dage har sai ƙyallin ya dushe gaba ɗaya, sannan a share garin.

3. A shafa fenti shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe sarai kafin na biyu. Da hunturu, a yi aikin inda iska ke shiga amma ƙura ba ta sauka.

4. A wanke ƙyallen atamfa don sitacin ya fita, a yi masa guga, a yanko furannin da almakashi. Ni na fi son ƙyallen auduga zalla, ya fi shan gam.

5. A sirka farin gam na kafintoci da ruwa kaɗan, a shafa a teburin, a ɗora furen. A lallatsa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, a ƙara gam a samansa.

6. Washegari a shafa banish shafi biyu ko uku, saboda ruwa da zafin kofin shayi. A ba shi kwana uku kafin a ɗora kaya.