Kafin ka sa a ƙera maka ƙofar ƙarfe ta sito ko ɗakin kuɗi

Ƙofar da ta fi ba ni kunya a aikin walda ba ma a fasa ta ba. Na ƙera ta ne wa wani Alhaji mai siton shinkafa a nan Garwa ta Kamaru: faranti mai kauri, kwaɗo biyu, fenti sai sheƙi. Wata uku da kafawa ya aiko yaro da sassafe. Na tarar da ita kwance a ƙasa, kwaɗunanta a kulle, ko kwarzane babu. Kuroba ɓarayin suka zura tsakanin firam da bango, bulo mai rami ya rugurguje kamar ƙuli-ƙuli, suka kwantar da ƙofar haɗe da firam ɗinta. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ƙofarka lafiya lau take, shinkafata ce ba ta nan." Tun daga ranar, duk wanda ya zo neman ƙofa, bangonsa nake fara zuwa dubawa.

Kai ma daga nan za ka fara. Ka ƙwanƙwasa bulon da ke gefen bakin ƙofar. In ya yi amo kamar ganga, magini ya cika ramukan da kankare, ko ya tsayar da ginshiƙi mai rodi dama da hagu. Firam ya samu ƙafafun ƙarfe aƙalla uku a kowane gefe, binne cikin kankaren, in da hali a haɗa su da rodin da walda. Cikin firam ɗin ma a ɗura siminti, don mai rami ba ya yi wa kuroba gardama. A daidaita shi da ma'aunin ruwa tun siminti bai kama ba, a bar shi kamar mako guda kafin a rataya masa nauyi.

Sai kauri, inda aka fi cutar mai saye. Fenti yana rufe komai, amma sikeli ba ya ƙarya. Faranti mai kaurin milimita 1, faɗi mita ɗaya tsawo mita ɗaya, nauyinsa kilo 7.85 ne. Ƙofa mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, da faranti na milimita 2 ciki da waje, farantin kaɗai ya kusa kilo 63, ba a sa ƙarafan da ke cikinta ba. In ka ga yaro ɗaya ya saɓo ta a kafaɗa yana fito, ka san ba abin da ka biya ba ne. Ka aro sikelin masu hatsi a ɗora ta.

Wannan nauyin hinji biyu ba sa ɗaukarsa. A sa uku masu boris, a riƙa ba su giris, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In hinjin a waje suke, a walda wa gefen ƙofar haƙora na rodi waɗanda za su shige ramuka a firam idan an rufe; ko an yanke hinjin, ƙofar ba za ta fita ba. Kwaɗo kuma a yi masa akwatin ƙarfe da hannu kaɗai ke shiga ta ƙasa, yadda almakashin yankan ƙarfe ba zai samu wuyansa ba.

Ba kowane gini ke son ƙofa iri ɗaya ba. Ɗakin kuɗi, kantin zinariya da ɗakin ajiyar magani, a nan ina ba da shawarar a sayi ta kamfani mai takardar gwaji, ko da kuwa cinikina ne ya tafi. Turawa sun kasa su aji shida, RC1 zuwa RC6. RC3 an gwada ta jure minti 5 na mai kuroba, RC4 minti 10 na mai gatari da kurfi. Makullan Faransa da ake kawowa ta Duwala suna da tambarin A2P, tauraro ɗaya zuwa uku, wato minti 5, 10 da 15. Mutane kan yi dariya in na faɗi haka, wai minti biyar kacal? Ai ƙofa jinkiri take saya maka da ƙara, har maigadi ya farka.

Gobara wani zance ne daban. Siton auduga, ɗakin janareto, ɗakin mai, mutane na ɗauka tunda ƙarfe ba ya cin wuta, shi ke nan. Ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa in zafi ya kai digiri 600, kuma tun kafin nan ya ɗauki zafin ya miƙa wa buhun da aka jingina a bayansa. Ƙofar gobara ta gaskiya cikinta ulun dutse ne, gefenta da wani zirin da ke kumbura ya toshe kafa in ya ji zafi, kuma za ka ga an rubuta EI 30, EI 60 ko EI 120, yawan mintunan da ta jure a gwaji. Ni ba na iya ƙera wannan a rumfata, wanda ya ce maka yana iyawa ka nemi takarda. In ka saya, kada ka huda ta, kada ka kira irinmu mu ƙara mata sakata, kada kuma yara su tokare ta da dutse don shan iska. Ɗakin janareto, a buɗe masa hanyar iska ta bangon waje, ba ta ƙofar da ke kallon sito ba.

Inda jama'a ke taruwa, makaranta ko asibiti ko zauren biki, ƙofa waje za ta riƙa buɗewa, da sandar da ake turawa daga ciki. Wannan sandar asalinta daga Ingila ne, bayan yara 183 sun mutu a turereniya a bakin wata ƙofa da aka sa wa sakata a garin Sunderland a 1883. Duk da haka har yau ina ganin sarƙa da kwaɗo a ƙofar fita mutane na ciki.

Saura rana da ruwa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan wuce digiri 40, ƙofar da aka shafa wa baƙin fenti kuwa tana kallon yamma, ba ka iya ɗora mata tafin hannu. Fuskar waje ta buɗa, ta ciki ba ta buɗa ba, sai ta ɗan yi doro, makulli ya cije da la'asar ya saki da asuba. A bar tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakaninta da firam, a shafa fenti mai haske, in da hali a yi mata 'yar rumfa. Masu sito a gefen Binuwai, tsatsa daga ƙasan ƙofa take farawa, inda ruwan damina ke kwanciya. A ɗaga dokin ƙofa da kankare, a sa jan fenti na hana tsatsa hannu biyu tun ba a rataya ta ba, har ƙarƙashinta inda buroshi ba ya kai wa in ta riga ta hau.