Yadda na gyara ƙwallayen rogo na shayin gwaza

Sau uku ina gwada haɗa shayin madara da gwaza irin na Taiwan, wanda ake zuba wa ƙananan ƙwallayen sitacin rogo da ake kira boba, kuma duk ƙwallayen ne suka ba ni wahala. Kwaɓin ya ƙi kamawa: in na matse shi ya dagargaje, in na sake shi ya malale kamar koko, 'yan waɗanda na samu na mulmula kuwa suka narke a tukunya.

Da farko na zargi sitacin, na sayo wani, na kuma rage ruwa, amma a banza. Ashe laifin na ruwan ɗumin da nake kwaɓawa da shi ne, domin sitacin rogo ba ya yin danƙo sai ya gamu da ruwa mai zafi sosai.

Sai na tafasa ruwa mililita 60 da jan sukari giram 40, na rage wuta, na zuba babban cokali ɗaya daga sitaci giram 100, ina juyawa har ya yi kauri kamar talge. Na sauke, na zuba sauran, na murza da zafinsa, na mulmula kamar girman wake. Na jefa su cikin ruwan da ke tafasa na minti 20, na kashe wuta na bar su a rufe wasu minti 20, sannan na tsame su cikin ruwan sukari. Ban sa su a firiji ba, don sanyi na taurara su.

Gwazar kuwa na dafa ta luguf kafin na markaɗa da madara da baƙin shayi, saboda wadda ba ta nuna ba tana ƙaiƙayin maƙogwaro. Alhamdu lillahi, kuma na gode wa ƙanwata da ta lura da zafin ruwan.