Cire tsatsa a tsohuwar mota kafin a kai wa mai walda

Masu tsohuwar Fijo 504 sun dame ni da tambayar yadda ake cire tsatsa kafin walda, to ga yadda nake yi.

1. Cire kan batir, fara da na negatif, wato mai alamar (-).
2. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, nan ruwan damina yake kwanciya.
3. Caccaki wurin da sukundireba. Inda ya fasa, ƙarfen ya mutu.
4. Kankare tsatsar da buroshin ƙarfe.
5. Goge da samfefa har sai farin ƙarfe ya fito.
6. Yanke ruɓaɓɓen wurin, ka ɗan shiga cikin lafiyayyen ƙarfe. A nan ake yin kuskure: walda ba ta kama tsatsa, sai dai ta huda.
7. Janye wayoyi da bututun mai daga wurin. Hattara da tanki, ko babu fetur tururinsa yana kama wuta.
8. Share ƙurar da busasshen tsumma.