Daga kan keke zuwa riƙe shago: shawara ga teloli 'yan'uwana

Ɗan'uwa idan ka kai matsayin da unguwa ta san hannunka, an san in ka yanka shadda ba ta ɓaci, toh ka sani iya ɗinki daban, riƙe shago daban. Na san teloli da suka fi ni hannu nesa ba kusa ba amma shekara da shekaru suna kan keke ɗaya a shagon haya ɗaya, kuma aiki suna samu wallahi, kuɗin ne ba ya zama.

Ka fara da raba aljihunka da na shago. Kuɗin da kwastoma ya miƙo ba naka ba ne tukuna, na shago ne. Ka buɗe asusu daban ko na Moniepoint ko OPay ko wani banki, duk taransifa ta shiga can, sannan ka yanka wa kanka albashi duk sati, cefane da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki duk daga nan za su fito. Bayan littafin awo ka sayi wani littafin na kuɗi, ka rubuta zare, maɓalli, zif, gam, allura, man janareta, kuɗin wuta, haya, har shayin yara na dare. In ka yi wata ɗaya kana rubutawa za ka gane ainihin nawa kaftani ɗaya yake cinye maka, kuma da yawanmu sai a nan muke gano cewa tun da aka cire tallafin mai a 2023 muna ɗinki ne a farashin da ba ya biyan wahala. Ka gyara farashinka ba kunya, ka yi wa mutum bayani cikin mutunci, wanda ya san aikinka zai zauna.

Sai maganar alƙawari, wadda ita ce ke kashe sunan tela fiye da komai. Kowa ya san yadda ake yi in Sallah ta matso, mutum ya karɓi kayan da ko wata biyu ba zai gama ba saboda kafin alƙalami ya yi masa daɗi, ya kashe kuɗin, daren Sallah ya kashe waya, yara suna kuka a gida uba yana tsaye ƙofar shago ransa a ɓace. Wannan ba ƙaramin hakki ba ne. Ka zauna tun kafin azumi ka lissafa kaya nawa shagonka ke iya fitarwa a rana, ka ninka da kwanakin da suka rage, ka cire kwanakin rashin wuta da lalacewar keke, in adadin ya cika ka rufe karɓa ko da ƙanin babanka ne ya zo. Ce masa "Baffa ka yi haƙuri, ba zan iya cika maka ba, ga wani amintacce can" ya fi ka karɓa ka ba shi kunya. Kuɗin kafin alƙalami kuma kar ka taɓa sai na kayan aikin wannan ɗinkin.

Abin da ya fi wuya shi ne sauka daga kan keke. Muddin kai ne mai yanka, kai ne mai haɗi, kai ne mai guga, toh ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai shago ya tsaya. Ka raba aikin, wani haɗi, wani aikin wuyan riga, wani guga da ninki, kai ka riƙe awo da yanka da duba kaya kafin su fita. Ka koya wa yaranka da zuciya ɗaya, ka biya su bisa kowane kaya kuma kan lokaci, in lokacin yaye ya yi ka sallami yaro da albarka, gobe in aiki ya yi maka yawa shi za ka tura wa.

Ka yi wa shagon rajistar suna a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, yanzu ta intanet ma ake yi, domin makarantu da kamfanoni masu ba da kwangilar yunifom sun fi sakin jiki da mai takarda da asusu da sunan shago. Bayan Babbar Sallah kasuwa kan yi sanyi, lokacin ne za ka shiga Kantin Kwari ka sari yadi ka ɗinka kayan yara da jallabiya ka riƙa ɗorawa a sitatus na WhatsApp, ka kuma bi masu ankon biki.

In za ka ƙara keke, adashi ya fi bashin manhajojin waya masu ruwa. In abin ya fi ƙarfin adashi, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha, su sayi keken su sayar maka ka biya kaɗan-kaɗan, amma ka tafi da littafin kuɗinka da bayanan asusunka na watanni, don su za a fara tambayarka.