Yadda za a haɗa kan sassan ofis don makaho da kurma su iya amfani da shafin ma'aikata

Sanarwar ɗaukar ma'aikata takan bi hannu huɗu ko biyar kafin ta isa wayar jama'a. Mai buga takarda ya buga, darakta ya sa hannu, a ɗauki hotonta da hatimi a jiki, jami'in hulɗa da jama'a ya watsa a Facebook da WhatsApp, sashen kwamfuta ya ɗora a shafin intanet. Kowa ya sauke nauyinsa. Amma makahon da ke Bolari ko Pantami a Gombe, wanda manhajar TalkBack ke karanta wa allon waya, sau da yawa ba ya samun komai a ciki, domin rubutu manhajar take karantawa, nan kuwa hoton rubutu aka ba ta. A wurin miƙa aiki daga tebur zuwa tebur ake yin ɓarnar, shi ya sa jibga wa sashen kwamfuta gyaran shi kaɗai ba ya kai ko'ina.

Akwai kuma doka. Dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu a samu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu masu nakasa ne. Idan fom ɗin neman aikin ma makaho ba zai iya cikawa ba, ta ina za a fara?

Mataki na farko shi ne bin sawun sanarwa ɗaya. A tara wakili ɗaya daga kowane sashe, a ɗauko sanarwar da aka fitar kwanan nan, a rubuta sunan duk teburin da ta biyo. A zaman ne za a gano cewa asalin takardar tana nan cikin Word a kwamfutar mai bugawa, ba wanda ya taɓa nema. Hukuncin farko ke nan: duk hoton takarda mai hatimi zai fita ne tare da rubutunsa, wanda za a iya kwafa. A WhatsApp, a tura rubutun a ƙarƙashin hoton. Wannan ba ya cin ko sisi.

Na biyu, a amince da ma'auni ɗaya, sannan a yanka shi gunduwa-gunduwa. Wanda duniya ke bi shi ne WCAG, kundin ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet. Bugu na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, kuma matakin AA, na tsakiya cikin matakansa uku, shi ne galibin hukumomi ke nema. Kada a miƙa wa kowa kundin gaba ɗaya, ba mai karantawa. A ba kowane tebur shafi ɗaya na abin da ya shafe shi.

Mai zane: bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 a ƙananan haruffa, 3 zuwa 1 a manya. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a cikin ofis, amma a ranar Gombe ta watan Afrilu ko mai lafiyar ido sai ya kare allo da tafin hannu. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Idan gurbi ya yi ja saboda kuskure, a rubuta kuskuren da kalmomi. A kuma zaɓi salon haruffa mai ɓ, ɗ da ƙ, kamar Noto Sans, in ba haka ba su fito a matsayin akwatuna.

Mai rubutu da jami'in hulɗa da jama'a: bayanin kowane hoto a jimla ɗaya, kanun labari na ainihi ba rubutun da aka kumbura kawai ba, da rubutaccen zance a ƙasan kowane bidiyo. Maimakon "latsa nan", a rubuta "sauke fom ɗin tallafin karatu".

Mai haɗa shafi ne ke da kaso mafi nauyi. Kowane gurbi na fom ya kasance da lakabi da ke zaune a wajensa, domin wanda aka rubuta a cikin gurbin yana ɓacewa da an fara bugawa. Maɓalli kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi. A sa wa shafin Hausa alamar harshe "ha". Idan fom yana da wa'adi, a yi gargaɗi kafin ya rufe, a ba mutum aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Wannan zai amfani mai rawar hannu, zai kuma amfani mai cikawa daga Nafada ko Dukku idan sabis yana ɗaukewa. Gwajin nan na karkatattun haruffa da ake tantance mutum da shi kuwa katanga ce ga makaho, sai an samar da wata hanya.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ke riƙe sauran: kwangila. Yawancin shafuka ɗan kwangila ne ke haɗawa, kuma abin da aka rubuta masa shi zai kawo. Sashen sayayya ya sa sharaɗin WCAG 2.2 matakin AA a takarda tun kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, kuma kason ƙarshe ya tsaya sai an ci gwaji. Idan an riga an biya shi duka, gyara ya zama roƙo.

Gwajin kansa kashi biyu ne. Na cikin gida rabin awa ya isa: a cire linzamin kwamfuta, a bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, a ga ko ana gane inda ake, a ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 a ga ko ya hau kan juna, a kunna NVDA, manhajar karanta allo da ke kyauta a Windows, a kashe allo a cika fom da kunne. Manhajojin gwajin shafi irin su WAVE da Lighthouse suna kama wasu kurakurai, amma ba za su gaya maka bayanin hoto ya yi ma'ana ko bai yi ba.

Na biyun sai da masu abin. A tuntuɓi reshen jiha na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, ko ƙungiyar makafi da ta kurame, a gayyaci mutum huɗu zuwa shida, kowa da wayarsa, domin saitin da ya saba da shi ake son gani. A biya su kuɗin mota da ladan aiki, gwaninta suka kawo. A ba su aiki takamaimai, misali nemo ranar rufe karɓar fom, sannan a yi shiru. Duk wanda ya karɓi wayar don ya taimaka ya ɓata gwajin. Kafin a nemo tafinta, a tambayi kuramen wane yaren suke yi, domin maganar hannu ta Hausa daban take da wadda ake koyarwa a makarantu. Mai zane da ɗan kwangila su zauna a ɗakin su gani da idonsu, ya fi rahoto mai shafi ashirin tasiri.

Abin da aka gano ya shiga rajista ɗaya: matsalar, sunan mai gyara, ranar gamawa. A fara da abin da ke hana mutum kammala buƙatarsa. Mai riƙe rajistar ya zama wanda maganarsa ke isa ga babban sakatare, a kuma duba ta a taron shugabannin sassa na wata-wata, ba sai an kafa sabon kwamiti ba.

A ofisoshi da yawa masu yi wa ƙasa hidima ne ke kula da shafukan sada zumunta, kuma shekara ɗaya suke yi. Shafin ƙa'idojin kowane tebur ya shiga takardar miƙa aiki, kuma duk sabon zuwa ya yi gwajin Tab da NVDA a makonsa na farko, kafin a ba shi kalmar sirri.