Yadda nake auna bidiyon ashanar hannu kafin in yarda da shi

Ƙanwata ta shigo gidana a unguwar Zariya bayan la'asar, salula a hannu, ido ya yi ja. Wata huɗu da sa mata ashanar tazarar haihuwa, jini na zo mata yau ya ɗauke gobe, sai ga wani bidiyo a WhatsApp na matan unguwa: wata na rantsuwa wai ashanar narkewa take yi a jiki, wadda ta sa kuma ta yi sallama da haihuwa. Ta ce, "Yaya, na cuci kaina." Ni kuwa ashanar da ake kira Jadelle ce a dantsena na hagu, autana ma na haife shi ne bayan an cire mini ta farko. Na ce ta zauna mu sake kallo tare.

Abin da nake fara saurare shi ne suna. Ashana ba iri ɗaya ba ce. Jadelle sanda biyu ce, shekara 5 take yi. Implanon NXT sanda ɗaya ce mai tsawon santimita 4, ana sa ta don shekara 3. Mai magana da ba ta iya faɗin wacce take nufi ba, jita-jita take kawo miki. Sai ki duba wace ce ita, a wane asibiti take aiki. Farar riga ana ɗinka ta a babbar kasuwa.

Ki kalli bidiyon har ƙarshe. Idan ya kare da lambar waya da maganin "wanke mahaifa" na jaka biyar, to dama tsoron da aka ba ki tun farko talla ne.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne bidiyon da ke yabo kawai. Gaskiya ne cikin mata 100 da suka sa, ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara, mai shayarwa ma tana iya sawa, kuma da an cire haihuwa na dawowa ba jinkiri. Amma al'ada tana rikicewa: wata ta riƙa ɗigo, wata ta daɗe, wata ta ɗauke gaba ɗaya. Ga mace mai sallah da azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni ma sai da na je wajen malama na tambayi hukuncin jinin. Duk bidiyon da ya ɓoye miki wannan bai riƙe amana ba. Haka wanda bai ce ashana ba ta kare mutum daga sida da cututtukan sanyi ba, ko bai ambaci cewa maganin tarin fuka rifampicine da wasu magungunan farfaɗiya suna rage mata ƙarfi ba.

Batun narkewa ko tafiya cikin jiki fa? Ba ta narkewa. An taɓa samun wadda ta gusa daga inda aka sa ta, amma da wuya ƙwarai, shi ya sa aka yi Implanon NXT yadda hoton asibiti ke iya nuna ta. Ki sa yatsa a cikin dantsenki, za ki ji ta ƙarƙashin fata. In ba ki ji ta ba, ko wurin ya kumbura yana ruwa, ko jini ya yi yawa har jiri na ɗibarki, ki ajiye salula ki tafi likita ranar. Kada ki bari kowa ya tsaga miki hannu a gida. Cirewa haƙƙinki ne duk lokacin da kika so, ba sai wa'adi ya cika ba.

Kada ki tura bidiyon gaba. Ki riƙe shi, ki nuna wa ungozoma a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki tafi da katinki. Haka muka yi da safe. Ungozomar ta kalla, ta taɓa dantsen ƙanwata, ta kama yatsanta ta ɗora a kan sandar ta ce, "Kin ji ta?" Ta rubuta mata magani na kwana biyar saboda ɗigon, ta ce ta dawo in bai tsaya ba.